Mai Ɗacin Nake So

A wani kanti a unguwar Safa, can ƙasa mai tsarki, Abdulkahar, injiniya a kamfanin lemon sha'ir marar bugarwa, ya ga wata dattijuwa tana lodin katan-katan na lemon kamfaninsu.

"Hajiya! Mai ɗacin kika ɗauka? Kowa mai tuffa yake saye!"

"Shi nake so, ya waladi, ɗana."

"Allahu Akbar! Samfurin da ake kira Filsina ke nan, ba sukarin da zai rufe kuskure! Ni na haɗa shi, amma kafilina, mai kamfanin, ya ce a daina yin sa. Me ya burge ki?"

"Tsakuwar ƙoda ke damun maigidana. Yakan toshe hanci ya shanye, halas, shi ke nan fitsari ya zo. Kada ku daina!"

Abdulkahar ya matso kusa da ita.

"Hajiya, za ki maimaita wa kafilina? Amma banda zancen hancin."