Kiɗan Nawa Ne, Zagin Ba Nawa Ba Ne

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki.

Sunana Sabo, daga Azare. Sana'ata haɗa kiɗa a kwamfuta, irin dansihol na mutanen Jamaika, inda mutum ɗaya ke haɗa kiɗa, mawaƙa da yawa su hau kai. Bara na haɗa wani, na ambaci sunana a farkonsa, na raba wa mawaƙa.

Sai wani mawaƙi a Katagum ya ɗora waƙar zagin wata budurwa da ta ƙi shi, har da sunan gidansu. Waƙar ta bazu a wayoyi. Ashe mahaifinta aminin babana ne. Ya same ni a shago ya ce, "Sabo, me 'yata ta yi maka?"

Na ce, "Wallahi Alhaji, kiɗan kawai na yi."

Ya ce, "Ni dai sunanka na ji."

Yanzu yarinyar ta daina fita, Baba ya daina amsa gaisuwata. Na gaji da bayani, Malam, ko kwamfutar ba na son kunnawa. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ta ina zan fara ba Alhaji haƙuri?