Tafinta a Cikin Gida

A shagon wanki na haya a garin Fresno na Amurka, wata tsohuwa, Eulalia, tana ninke rigunan makarantar jikanta. Wani dattijo da ba ta sani ba yana jiran injin wankinsa ya tsaya. Ya yi mata magana da Sifaniyanci.

"Señora, makarantar unguwar nan yake zuwa?"

"Ita. An rage musu kuɗi, sun sallami malamar Sifaniyanci. Wai gwamnati ba ta da shi."

"Ai gara haka. Turanci ke ba da aiki a ƙasar nan. A zamaninmu in ka yi Sifaniyanci a aji, duka ne. Ga ni, ban mutu ba."

"Kai ka ji da daɗi, Señor. Ni shekara talatin ina tsinkar inabi, ban iya Turanci ba. A da jikana Nicanor kan dawo ya karanta mini labari da Sifaniyanci, ina gyara masa, muna dariya. Yanzu gida ɗaya muke, amma sai uwarsa ta taso aiki ta yi mana tafinta."

"Zai girma ya nema da kansa."

"Wa ya ce zan kai lokacin? Kai naka 'ya'yan, da wane harshe suke gaishe ka?"

Dattijon ya daɗe yana kallon kayansa suna juyawa.

"Ni na hana su koyon Sifaniyanci. Uwata ta rasu ba su taɓa yin hira da ita ba." Ya gyara murya. "Ci gaba da faɗan, Señora. Haka uwata takan yi mini."