Sunayen da Aka Goge a Ƙasan Shafi

An dawo wa wata ɗalibar tarihi da kundin bincikenta jiya da safe, bisa zargin ƙirƙirar bayanai. Tana zaune a benci gaban ofishin jarrabawa, wani dattijo da ke gefenta ya tambaye ta abin da ya faru.

"Baba, tsofaffin masaƙa na yi hira da su. Kowa na sa sunansa a ƙasan shafi, da ranar da muka zauna. Ƙanena ya kai wa mai buga takardu, shi kuma ya goge su duka. Rubutun hannuna ma mai bugun ya ce ya ɓata."

"Ai gyara ne, 'yata. 'Yan likitanci lamba suke sawa, a jera littattafan a ƙarshe. Wasu kuma sunan marubuci da shekara."

"Mu fa? Tsohuwa littafi ce da za a jera ta?"

"To, kin gani. Abin da ba a buga ba, ina za a sa shi?"

"Yanzu ana tambayata wa ya faɗa mini. Biyu daga cikinsu sun rasu. An mayar da maganarsu ƙaryata."

"Allah ya jiƙansu. Amma shafin ya fi tsabta haka. Kowa yaba mini yake."

"Yaba maka? Baba, me ya kawo ka nan?"

Ya gyara riƙon kundayen da ke hannunsa. "Aiki na kawo."

"Na wane sashe?"

"Tarihi."

Aka kira shi ciki, ya shiga da kundayen da ya buga. Har aka tashi aiki, ba a sa ranar da kwamiti zai saurari ɗalibar ba.