Ba Mai Amshi

Albarka: Alo? Inna? Ina wuni?

Inna: Alo! Albarka, ke ce? Kina ji na?

Albarka: Ina ji, Inna. Ya jiki? Ya gwiwar?

Inna: Da sauƙi, mun gode wa Ubangiji. Ya Dutse? Ya masu jinya?

Albarka: Suna samun sauƙi. Yau ma ina bakin aiki, Lahadi ba ta hana ciwo. Ya mutanen Aujara?

Inna: Kwana biyu ban shiga gari ba. Ya mutanen gidanku a Limawa?

Albarka: Lafiya lau. Ya gero?

Inna: Wane Garo?

Albarka: Gero, Inna! Gona!

Inna: Oho. Ya nuna, tsuntsaye ne dai. Kubura maƙwabciyata na gaishe ki, ita ta kai mini wayar caji shekaranjiya.

Albarka: Ina amsawa. An taso daga sujada ke nan? Ya Iya Gaji?

Inna: An taso.

Albarka: Na ce ya Iya Gaji?

Inna: Zafi ake yi yau, kai!

Albarka: Inna.

Inna: To. Ran Alhamis 'ya'yanta suka zo da mota suka tafi da ita Kano. Idon ne ya ƙi.

Albarka: Kai! Shi ne ba ki gaya mini ba? To yau ke da wa a majami'a?

Inna: Ni da Mai ita.

Albarka: Ke kaɗai, Inna?

Inna: Na share, na jera bencuna, na buga ƙarfen nan na jikin darbejiya kamar kullum. Akuyar Malam Lado ce ta leƙo, ta ga ba dusa, ta yi gaba.

Albarka: Ba abin dariya ba ne.

Inna: Ai ban yi ba. Mu sittin ne fa a ɗakin nan shekarar da aka yi miki baftisma. Wasu ƙasa ta rufe su, wasu birni ya kwashe. Fasto ma tun da aka mai da shi Ringim sai gaisuwa a waya.

Albarka: Shi ya sa nake ta faɗa miki ki taho Dutse. Ɗakina zai ɗauke mu. Zumuntar matanmu sun fi arba'in.

Inna: In rufe ɗakin sujadar da ubanki ya kwaɓa wa ƙasa da ƙafarsa? Shekarar ruwan nan, katangu nawa suka zube? Mu goma sha ɗaya muka fake a ciki, har da su Kubura da jikokinta, ko tsagewa bai yi ba. Wa ya riƙe shi? Wa ya tashe ni daga ciwon da kuka fara kiran dangi? Allahnmu ba ya gyangyaɗi, Albarka. Mai riƙe da nasa ne.

Albarka: Na sani, Inna. Ban musa ba.

Inna: To bar zancen... Alo? Alo?

Albarka: Ina nan. Matsa wajen rumbu, can ya fi sabis.

Inna: Na matsa. Albarka.

Albarka: Na'am.

Inna: Addu'a na yi ta ni kaɗai, ba komai. Karatu ma na lallaɓa. Amma da na ɗauki tulun kiɗa na fara bugawa, na ba da waƙa, sai na tsaya.

Albarka: Kika tsaya?

Inna: Ina jiran amshi. Shekara arba'in ni ce mai bayarwa, bakina bai san amshi ba. Na bayar, shiru. Na sake, shiru. A na uku na juya wajen da Gaji ke zama zan harare ta. Sai na ajiye tulun na zauna na yi kuka. Ban yi irinsa ba ko ranar da aka binne ubanki.

Albarka: Wayyo Inna...

Inna: Shi ne na kira. Ki yi mini amshi. Baiti biyu kawai, in ji na yi Lahadi.

Albarka: Yanzu? Ina tsakiyar ɗakin marasa lafiya fa, ga Sista Zakiyya na kallona.

Inna: Ta kalla mana, ba sata kike yi ba. Yi sauri, wayar ta fara kukan caji.

Albarka: Bari in fita baranda. To, bayar.

Inna: Wa ya tsare ni ruwa na bisa ƙirji?

Albarka: Yesu ne, Mai riƙo ba ya saki.

Inna: Ɗaga murya, kamar ba ki ci tuwo ba! Wa ya kwana da ni da kowa ya tafi?

Albarka: Yesu ne, Mai riƙo ba ya saki!

Inna: Yauwa. Yauwa, 'yar nan. Haka ake yi.

Albarka: Inna, kuka kike yi?

Inna: Ke ma ai shi kike yi. Saurara. Ki zo ran Asabar da mota.

Albarka: Me kika ce? Layin na yankewa.

Inna: Na ce ki zo ki ɗauke ni! Ba zan iya wata Lahadi irin ta yau ba. Malam Lado zai riƙe makullin majami'ar, ya ce ba dabbar da za ta kwana a ciki yana raye. Allahn da ya tsare ni a nan ya san hanyar Dutse.

Albarka: Zan zo, Inna, da sassafe zan zo. Geron fa?

Inna: Kubura ta yanka, mu raba. Sai dai ki gaya wa direban ya bar mini kujerar gaba, tulun a cinyata zai...

Albarka: Inna? Alo? Inna!