Katangar da Za Ta Raba Filomen da Raogo

Mai girma Naaba, uban ƙasa, wanda muke zaune a inuwarsa. Fada Sirili, shugaban wannan ikilisiya. Sistoci da malaman katikisim. Liman da Fasto, maƙwabtanmu da suka amsa gayyata. Shugaban kwamitin ginin katangar makabarta, Anatol Balima, da 'yan kwamitinsa. Iyayena mata 'yan zumunta, da mawaƙan da suka kusa tsaga mana rufin coci da safe. 'Ya'yan gari da suka taso daga Wagadugu da Abijan da motocinsu masu ƙyalli. Da ku sauran Mosawa, manya da yara, bayina na gado, ina gaishe ku gaba ɗaya. Ina kuma gaida waɗanda ke kwance can bayan gonar coci, tunda dominsu muka taru a wannan rana ta biyu ga Nuwamba, kuma su kaɗai ne na tabbata ba za su katse mini magana ba.

Na ga baƙi sun zaro ido da na ce bayina, har da Naaba a ciki. Ku kwantar da hankalinku. Sunana Honorin Pare, 'yar Samo ce ni daga Toma, kuma tsakanin Samo da Mosi akwai wasa tun kaka da kakanni. Su ce mana maciya kare, mu ce musu bayi, kuma duk wanda ya yi fushi shi ne ya yi abin kunya. Aikin ungozoma ya kawo ni garin nan ina budurwa, ga shi har haƙorana sun zube ban koma ba. Rabin mutanen da ke kan kujerun gaba a hannuna suka faɗo duniya, tsirara, suna tsala ihu, don haka manyan rigunan da suka sa yau ba su cika ba ni tsoro ba.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen damina lafiya, gero ya shiga rumbu. Ina godiya ga Fada da ya gajarta wa'azi domin a bar mini fili. Godiya ta musamman kuma ga Anatol, wanda ya tako har gidana ya ce, "Mama Honorin, ke za ki yi jawabin neman gudummawa, don bakinki ne kawai ke iya zaro hannun Bamoshe daga aljihu." Na ce masa to. Ya sha ruwa, ya yi sallama, ya hau babur ɗinsa, bai tambaye ni abin da zan faɗa ba. Mutumin da aka haifa a ƙasar Mosi, ya ba 'yar Samo lasifika a gaban Naaba, bai ce ta karanta masa tukuna ba. Anatol, ɗana, kai ka jawo wa kanka.

Magana ta farko, katanga dai muna bukatarta, kuma ina goyon bayanta da zuciya ɗaya. Aladun garin nan sun fi wasunmu zuwa makabarta. Bara mun shafe kaburbura da farar ƙasa ranar Asabar, kafin Lahadi wata uwar alade ta kai 'ya'yanta sun yi birgima a kan marigayi shugaban mawaƙa, mutumin da yana raye ko ƙuda bai yarda ya sauka a rigarsa ba. Awaki sun cinye furannin da aka kawo daga birni, har na roba ba su bari ba. Ga masu neman fili kuma, kullum gari na matsowa, in muka yi sake wata rana za mu tarar an buɗe shagon gyaran babur a kan iyayenmu. Saboda haka ku ba da siminti, ku ba da yashi, ku ba da ƙarfinku. Wanda ya zo da mota kada ya ba da abin da mai keke zai bayar, ina kallonku, kuma na san iyayen kowa.

Magana ta biyu, ina so mu dubi abin da muke yi wa matattunmu a 'yan kwanakin nan, mu dube shi da gaskiya, don na lura kashi uku muke, kuma kowane kashi yana yi wa sauran kallon banza. Akwai na coci: jiya muka yi idin dukan tsarkaka, yau muna roƙo domin sauran da suka riga mu, mu kunna kyandir, Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki. Akwai na kakanni: in sabon gero ya shigo, ba a kai shi baki sai an dama zom-kom, ruwan garin geron nan da kuke tarbar baƙo da shi, an zuba wa na ƙasa rabonsu. Akwai kuma na birni: a zo da fure da waya, a tsaya a kan kabari a ɗauki hoto, yara kuma su sa fuskar ƙwarangwal a daren ƙarshen Oktoba wai bikin dodanni na Turawa. Na coci ya ce na kakanni tsafi ne, na kakanni ya ce na birni iskanci ne, na birni ya ce dukanku ƙauyawa ne. Abin dariyar shi ne, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin duka ukun, sai dai ba ya so a gan shi.

Na taɓa tsare Fada Sirili, tunda ya yi karatu a Turai, na ce ya gaya mini dalilin da ya sa coci ta ajiye ranar matattu daidai lokacin girbi. Ya ce, "Mama, can ma yanzu ne ake gama aikin gona, ganye na zuba, sanyi na shigowa. Wasu masana sun ce kakannin Turawa suna da bikinsu a wannan lokaci tun kafin bishara, coci ta zo ta tarar. Wasu sun ce a'a, coci ce ta kafa nata, daga baya mutane suka yi masa ado. Har gobe gardama suke." Na ce, "Ashe Turawan ma suna da kakanni masu jin ƙishirwa." Ya yi dariya ya ce kada in ce shi ya faɗa. To, Fada, ban ce kai ka faɗa ba. Abin da na ɗauka daga maganar shi ne, ko can ko nan, idan mutum ya ga rumbunsa ya cika, hankalinsa kan koma ga wanda ya fara sare gonar.

Kada wani ya fita ya ce Honorin ta ce duk ɗaya ne. Ban ce ba. Ni Katolika ce, 'yar Katolika, na san bambanci tsakanin roƙon Allah domin mamaci da roƙon mamacin kansa, kuma wanda ya yanka kaza a kan kabari yana neman sa'ar kasuwa, ni da shi ba mu kan hanya ɗaya. Amma kafin mu kira abu tsafi, ya kamata mu tambayi mai yinsa abin da yake nufi.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, wadda ita ce ta hana ni barci. Ga Yaaba Filomen can zaune a layin mata, da farin ɗankwali, kakar rabin unguwar gabas. Tun cocin nan tana ta laka take share ta. Mijinta Raogo kuwa bai karɓi baftisma ba har ya rasu. Manya sun san shi: kowace Lahadi shi ke ɗauko ta a keke, ya sauke ta a ƙofa, ya koma gindin ɗorawa ya zauna yana tufkar igiya har a tashi. Fadoci uku sun yi fama da shi. Na ƙarshensu ya ce, "Baba Raogo, ka san addu'o'in nan fiye da wasu na ciki, me ya rage?" Ya ce, "Fada, ubana da kakana sun tafi ta wata hanya. In na bi wata, su zo tarbata su rasa ni, wa zai ba su haƙuri?" Da ciwo ya kwantar da shi, ni na ji da kunnena ya ce wa 'ya'yansa, "Na san ba za a sa ni a cikin makabartar Kirista ba, ban kuma roƙa ba. Ku sa ni a bakin iyaka, ku bar wa uwarku wuri daga ciki, inda in ta miƙa hannu za ta taɓa ni." Haka aka yi. Yana daga waje, wurinta na daga ciki, babu komai tsakaninsu sai ciyawa.

Kowace shekara a rana irin ta yau, Yaaba Filomen kan je da kyandir a hannun dama, ƙwaryar zom-kom a hannun hagu. Wani daga cikin malaman katikisim, ba zan faɗi sunansa ba, yana nan yana duban takalminsa, ya tare ta ya ce, "Yaaba, Kirista ba ya roƙon matattu." Ta ce, "Roƙo? Raogo da yana raye ma in na roƙe shi ya gyara danga sai damina ta wuce. Yanzu da ya kwanta zan roƙe shi? Kyandir na Allah ne, ya ji ƙansa. Ruwan kuma nasa ne, ban taɓa barinsa ya wuni da ƙishirwa ba, ba zan fara don ya mutu ba."

Shekaranjiya da magariba kuma jikokinta na Wagadugu suka sa fuskokin ƙwarangwal ɗinsu, suka laɓe a bayan rumbu, suka faɗo mata suna gurnani. Maƙwabciyarta ta zubar da tukunyar miya ta haura danga, mace mai ciwon gwiwa. Ita kuwa Yaaba ta ɗaga fitila ta ƙare musu kallo ta ce, "Sannunku da hanya. Na wajen uwa ne ku ko na wajen uba? Kai, kun rame. Ku zauna in dama muku." Yaran da suka zo tsoratarwa, su suka ƙare da shan zom-kom a tabarma, tana ba su labarin kakan da ba su taɓa gani ba. Da safe su suka riƙe mata tsintsiya zuwa kabarinsa. Ku gaya mini, jama'a, a cikin kashi ukun nan, wanne ne tsohuwar nan ba ta iya saukarwa a gidanta ba?

To, kwamiti ya ja igiyar katanga makon jiya, ya kafa turaku. Igiyar ta bi ta kan ciyawar nan, daidai tsakanin Raogo da wurin Filomen. Na tambayi Anatol, ya ce magini ne ya ce miƙaƙƙiyar katanga ta fi sauƙi kuma ta fi kyau a ido. Na tambayi wani ɗan kwamitin, ya ce ai gara haka, a raba tsarki da tsafi. Ba wanda ya yi da mugunta, na yarda, amma ba wanda ya je ya tambayi tsohuwar. Ni na je. Na same ta tana tsince wake, na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Honorin, in katangar ta bi nan, ki gaya musu su haƙa nawa daga waje. Allah ya san hanyar waje." Na dawo gida raina a ɓace, na ji kunya, na ji kunyar cocinmu, matar da ta tsufa tana share mana wurin sujada ta koma neman makwanci a cikin aladu.

Kun san al'ada. Idan Bamoshe ya mutu, ɗan Samo na da ikon shiga ramin ya zauna ya hana binnewa, kuma ba mai ɗaga masa murya. Gwiwoyina ba za su iya shiga rami ba, in na shiga sai dai ku rufe da ni. Saboda haka na yi abin da ƙarfina zai iya. Ku ba ni jakata. Wannan da kuke gani shi ne turken kusurwar gabas, da jan fentinsa, yau da safe kuna cikin waƙa na je na tumɓuke shi. Naaba, ga ɓarauniya a gabanka, in akwai mai ƙara ya taso.

Ba ni zan mayar da shi ba, don ba ni ce shugabar kwamiti ba. Fada ya gaya mini coci ba ta hana katanga lanƙwasa ba, kuma ba ta taɓa hana roƙon jinƙai ga kowa ba. Yanzu in mun tashi, dukanmu makabarta za mu a sa wa kaburbura albarka. Anatol, taso ka karɓa. Taso mana, ba duka zan yi maka ba, na riga na mare ka ranar da aka haife ka. Yauwa. Ka riƙe shi da kyau. In mun isa, ka kafa shi da hannunka, a gaban Yaaba Filomen, a duk inda zuciyarka za ta iya ɗauka. Yaaba, ki kama hannunsa ki kai shi wurin. Ƙafarki ba ta sauri, mu kuma ba inda za mu, za mu biyo ku a hankali.

Allah ya ja zamanin Naaba, ya ƙara wa Fada da Liman da Fasto haƙuri da mu. Allah ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ya sa albarka a geron da muka girbe da simintin da za ku bayar. Allah ya ji ƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda muka manta, na cikin igiya da na bayanta. Allah ya ji ƙan Raogo. Ya ƙara wa Filomen kwana, in kuma ranarta ta zo, ya sa ta miƙa hannu ta same shi.

Na gode.