Littafin da ya kai ni Kalgo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da abokan aikinka. Sunana Kulu, daga Gwandu.

Makon jiya na ji wasu masu sauraro suna kushe littafin nan na ƙawaye biyu da suka tsufa tare, wai labarin ba ya motsi. To, ni ya motsa ni.

Da na kai wurin da ɗayarsu ta rasu, ɗayar ta zauna tana tuna maganar da ba ta faɗa mata ba, sai na tuna da tawa ƙawar. Ina da ƙawa a Kalgo, Luba, tare muka yi makarantar allo. Shekara shida ba ma magana, don kawai ba ta zo bikin 'yata ba. Har na ji ba ta da lafiya, na yi kamar ban ji ba.

Washegari na hau mota. Duk hanya addu'a nake kada in tarar da tabarmin makoki a ƙofar gidanta. Alhamdulillahi, na same ta zaune tana tsince shinkafa, ta rame amma da sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Kulu, sai yau? Zauna ki taya ni." Ashe tun lokacin bikin ciwon ya kwantar da ita, ta ɓoye don kada ta ɓata mini murna.

Malam, Luba tana sauraron shirin nan. Ka faɗa mata ranar Juma'a ina tafe, kuma kwana zan yi.