Ƙarar Injin Suhaibu

Ina jira a rumfar mai gyaran kwamfuta a Kura, wata dattijuwa ta kawo laftof ɗin ɗanta da ya rasu.

"Iya, manhajar ajiya ta ƙi kwafe faifan, da ta kai rabi sai ta tsaya. Bidiyo ɗaya kawai na ceto."

"Suhaibuna yana ciki?"

"Ba ya ciki. Da waya aka ɗauka, shi ke riƙe da ita yana ɗaukar gonar shinkafa. Ƙarar injin ban-ruwa ta danne komai. In rage ta, ko za mu tsinci muryarsa?"

"A'a, ɗan nan, bar ta. Injin nan ba ya tashi a hannun kowa sai nasa. Tun rasuwarsa yake ajiye a zaure. Ƙaro min sautin."